Anti, in je aikin sa-kai a masaukin marasa wurin kwana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Kano ce, ina karatun digiri na biyu a Birmingham ta ƙasar Ingila. Wata abokiyar karatuna ta gayyace ni aikin sa-kai a masaukin dare da ake buɗe wa marasa wurin kwana lokacin sanyi. Raina yana so, amma a zauren coci ake yi, kuma ina tsoron mashaya. Da na gaya wa Umma a waya, sai ta ce almajiran da ke kwana a rumfunan kasuwa da hunturu sun fi Turawa buƙatar taimakona. Me kike gani? Daga ƙanwarki H.A.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki je. Na daɗe ina irin wannan aikin a wani masauki a Landan, kuma da zuciya ɗaya nake ba ki wannan shawara.

Sanyin ƙasar nan kisa yake yi. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, mutum ya kwana kan siminti da jiƙaƙƙun kaya har gari ya waye. Ƙidayar da gwamnati ta yi a kakar 2024 ta nuna mutum 4,667 na kwana a titi a dare guda a Ingila, ban da masu raɓewa a falon abokai. Hukumar ƙididdiga ta ƙiyasta cewa marasa matsuguni 741 ne suka rasu a Ingila da Wales a 2021, mazan cikinsu a matsakaicin shekara 45, matan 43. Shekarun da a gida ake cewa mutum yanzu ya zama magidanci ke nan.

Ga yadda tsarin yake a wurare da yawa. Coci-coci ne ke karɓar aikin bi da bi, kowanne da darensa a mako, daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Masu aikin yamma su shimfiɗa gadajen naɗewa, su dafa abinci, su zauna a ci tare. Masu aikin dare su yi gadi, wasu na barci wasu na ido biyu. Na safe su haɗa shayi da burodi, su naɗe kaya, su share zaure. Baƙin ba daga titi suke faɗowa kai tsaye ba, yawanci ƙaramar hukuma ko wata ƙungiya ce ke turo su da sunayensu. Ba a shiga da giya ko ƙwaya, kuma idan wani ya zo a buge, shugaban dare ne zai yi magana da shi a bakin ƙofa, ba ke ba. Ba a barin mai aikin sa-kai ita kaɗai da baƙi. Tunda kina jin tsoro, ki fara da aikin yamma a kicin har ki saba da fuskoki.

Za ki sha mamakin waɗanda za ki tarar. Akwai mashaya, ba zan ɓoye miki ba. Amma akwai wanda zai roƙi a tashe shi da asuba domin yana aikin gini, kuɗin ajiyar haya ne ya gagare shi. Akwai wanda aurensa ya mutu ya bar wa matar gida. Akwai samari daga Sudan da Eritiriya da suka sami takardar mafaka, aka ba su 'yan makonni su bar masaukin gwamnati, wa'adin ya cika ba su sami ɗaki ba. Na taɓa zuba wa wani saurayi miya, ya ga ɗankwalina ya yi mini sallama a hankali, ya tambaya ko naman halal ne. Kwanakin da ya yi yana zuwa burodi kawai yake ci, kunya ta hana shi tambaya. Tun daga ranar muka sa aka riƙa rubuta abin da ke cikin kowace tukunya. Kin ga zuwanki yana da amfanin da na wani ba shi da shi.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne yadda za ki zauna da su. Baƙonka annabinka. Mutumin da ya yini a bakin kanti dubban mutane na wuce shi ba wanda ya dubi fuskarsa, abin da yake nema da daddare shi ne a kira sunansa, a tambaye shi cokali nawa na sukari yake so. Kada ki tambaye shi me ya kai shi titi. In ya ga dama zai faɗa, in ya faɗa ki saurara, ban da nasiha. Kada ki ɗauki hoto. Kada ki ba da kuɗi ko lambar wayarki, kada kuma tausayi ya sa ki ce za ki nemo wa wani ɗaki ko aiki. Akwai ma'aikatan da wannan ne aikinsu, ki kai musu maganar. Alƙawarin da za ki iya cikawa ɗaya ne, ki zo a daren da kika rubuta sunanki. Idan masu aiki ba su cika ba ana iya fasa buɗe zauren, mutanen su koma waje.

Batun coci kuwa, ba ibada ake yi ba, zaure ne da tebura da kicin. Ni nakan ɗauki dardumata in yi isha'i a wani ɗan ɗaki, ba wanda ya taɓa hana ni. In zuciyarki ba ta natsu ba, ki tambayi malamin masallacinku.

Umma ta yi gaskiya game da almajirai, kada ki yi mata musu. Ki tura mata abin da ya sawwaƙa ta sayi barguna da rigunan sanyi ta kai wa malamin tsangayar unguwarku kafin hunturu ya kankama. Amma dararenki na wannan sanyin a Birmingham za ki yi su, maƙwabtanki kuma su ne waɗanda kike wucewa a bakin tashar jirgin ƙasa ta New Street.

Idan kika ga wani kwance a waje, ki sanar ta shafin intanet na StreetLink, inda ake kai rahoton masu kwana a titi, domin a tura masa ma'aikata. In kuwa maganarsa na sarƙewa, ya ruɗe, ko jikinsa ya yi sanyi ƙalau ya daina karkarwa, ki kira lambar gaggawa ta 999 nan take, ki lulluɓe shi, kada ki murza masa hannu ko ƙafa. Sannan kafin ki sa hannu a takardar masaukin, ki leƙa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku su tabbatar miki aikin ba zai shiga cikin awa 20 na aiki da bizarki ta yarje miki a mako ba. Ranar da za ki fara, ki tafi da sababbin safa masu kauri, su ne suka fi saurin ƙarewa. Ki gaishe mini da Umma.