Me ke jawo shanyewar gaɓoɓi ga yaro?

'Yar'uwa daga Ringim, kin ce ɗanki na fari ya kai wata 10 bai riƙe wuya ba, likita ya ce ƙwaƙwalwa ce ta taɓu, yanzu kina da ciki kina tsoron a maimaita. Allah ya ba shi lafiya.

Da farko, ba ɗan ruwa ba ne, kar ki saurari masu faɗin haka. Rauni ne ke samun ƙwaƙwalwa tun a ciki, ko wajen haihuwa, ko bayanta. A ciki akwai hawan jini da haihuwar bakwaini, kafin mako 37. Doguwar naƙuda a gida kuma kan sa jariri ya fito bai yi kuka ba don rashin iska.

Amma wadda muka fi yi wa sakaci ita ce shawara. Idon jariri ya yi ɗorawa, sai a shanya shi a hantsi, a ba shi jiƙo ana jiran suna. Idan ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa. A kai shi asibiti ranar, akwai fitilar da ake sa jarirai masu shawara a ƙarƙashinta. Haka zazzaɓi mai jijjiga, ko sanƙarau, su ma suna iya taɓa ƙwaƙwalwa.

Ki riƙe awo, ki gaya musu labarin haihuwar farko, ki haihu a asibiti. Ɗanki na fari kuwa, ku nemi sashen gashin ƙashi a asibitin Malam Aminu Kano tun yanzu.