Lahadinmu a Akra

'Yata, saƙonki ya iso, na kuma ji daɗin tambayoyin. Kin ce ashe akwai Lutaran, Kiristoci mabiya koyarwar Martin Luta, a Gana, kin tambayi harshen da muke sujada da shi, sannan kina son sanin yadda maƙwabta ke kallon Bahaushiyar da ke riƙe da Littafi Mai Tsarki tana fita daga zango, unguwar Hausawa da Musulmi, ran Lahadi. Na ga gara in rubuto miki, don waya ba ta barin mutum ya kai ƙarshen zance.

Akwai su, sai dai ba mishan ɗaya ya haife mu ba. Da aiki ya ɗauke kakanki daga Zariya zuwa Numan, a LCCN, ikilisiyar Lutaran ta Najeriya, muka tashi ni da babanki, ikilisiyar da ta faro da zuwan Dokta Bronnum, mutumin Denmak, a 1913. Ta nan kuwa 'yan mishan daga Amurka ne suka dasa ta a 1958, shekara guda bayan Gana ta sami 'yancin kai. Ƙarama ce ƙwarai in an ajiye ta kusa da Katolika, Metodis, Firesbiteriyan da 'yan Fentikos. A Numan Lutaran ce babbar inuwa. A Akra, wadda tsofaffin zango ke kira Ankara, sai kin yi wa direba kwatance sau biyu kafin ya gane inda za ki.

Ranar da na fara shiga, ban fi wata biyu da zuwa ba, Turancina ma bai nuna ba. Amma da fasto ya tsaya gaban bagade ya buɗe da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, jama'a suka furta zunubansu, ya shaida musu gafara, sai na ji na san hanya. Karatu daga Tsohon Alkawari, daga wasiƙu, sannan a miƙe tsaye don Bishara. Wa'azi, Shaidar Bangaskiya, Addu'ar Ubangiji, albarka. Su suna yi da Turanci, ni ina bi da Hausa a raina, muka kuma kai "Amin" tare. Na yi kuka ran nan, ba na ɓoye miki.

To ga amsar tambayarki: Turanci ne gindin sujada, ana sa waƙoƙi da harshen Tuwi da na Ga, wani lokaci a fassara wa'azi a taƙaice saboda tsofaffi. Hausa ba ta hawa bagade. A ƙasar nan in aka ji Hausa, zango ake tunawa da Musulunci, ko da yake 'yan arewacin Gana da yawa, Kusasi da Bimoba da Firafira, suna jin ta sarai, a cikinsu kuma akwai Kiristoci masu yawa. Da su nake gaisawa a bakin ƙofa in an tashi. Hausarsu irin ta nan ce, mace ma "ya zo" ake ce mata, har 'ya'yana sun ɗauka. Na daina gyara musu.

Abin da zai ba ki mamaki shi ne baiko, wato kuɗin da ake bayarwa a coci. Bayan na kullum, akwai wanda ake kira Kofi da Ama, inda ake kiran mutane bisa ranar da aka haife su. A kira 'yan Lahadi, su Kwasi da Akosuwa, su taso da rawa ana kiɗa, kowa da farin hankici yana kaɗawa, su zuba kuɗi su koma. Haka har a kai Asabar, daga baya a sanar da ranar da ta fi tarawa, a yi ta shewa. Da farko na ɗaure fuska, na ce wannan ai gasa ce, hannun hagu ya ga abin da na dama ya bayar. Sai wata dattijuwa ta tambaye ni ma'anar sunana. Na ce Lami, wato haihuwar Alhamis. Ta ce to ai ke Yaa ce, tashi ki bi 'yan'uwanki. Nan na tuna mu ma muna da Ladi da Talatu da Balaraba da Jummai da Asabe, Kofi kuwa Ɗanjuma ne kawai. Tun daga ranar ba a riga ni tashi. Da wannan kuɗin muka sauya kwanon rufi.

Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ruwan inabi a sujada, suna riƙe da shi da nauyi. Baƙo ba ya tasowa haka kawai, sai ya ga fasto tukuna. Yara kuma sai sun zauna ajin Ƙaramar Katekisma ta Martin Luta, wadda ya rubuta a 1529, sun haddace Dokoki Goma da bayaninsu, kafin a tabbatar da su. Wannan na yaba da shi. Inda zuciyata ba ta kwanta ba har yau shi ne ba sa naɗa mace fasto, alhali a LCCN ana yi. Na faɗa wa fastonmu ra'ayina, ya buɗe mini ayoyin da suke dogara da su, muka rabu lafiya kowa da fahimtarsa.

Tsakiyar mako akwai nazarin Littafi da koyon waƙa. Mata muna da ƙungiyarmu, muna adashi, muna zaga marasa lafiya da masu jego, amma ba ta kai Zumuntar Mata ta gida ƙarfi ba. Ina kewar tulu da shantu da anko. Lahadin ƙarshen Oktoba ana sa jan ƙyalle a bagade don tunawa da 31 ga Oktoba 1517, ranar da Luta ya fito da batutuwansa 95. Wajen ƙarshen shekara kuma sai bikin godiya, a kawo doya, ayaba, kaji, har akuya, a yi gwanjonsu a harabar coci.

Mutuwa ce ta fi ba ni wuyar sabawa. A nan gawa kan yi makonni a asibiti ana jiran dangi su shirya, a binne ran Asabar cikin baƙi da ja, Lahadi kuma iyalin su cika benci uku cikin fari da baƙi suna godiya. Kuɗi ake kashewa ba kaɗan ba, ikilisiya ma tana da asusun gudummawa domin haka. Ni dai na gaya wa mijina da yara kada a ajiye ni, a yi mini irin ta gida. Sannan duk shekara, wajen Mayu zuwa Yuni, sarakunan Ga kan hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda kafin bikinsu na Homowo. Wasu coci-coci kan yi ta gunaguni. Mu mukan ajiye ganguna mu rera da baki, ni kuwa a lokacin na fi jin kalmomin waƙar.

Maganar maƙwabta, kwantar da hankalinki. A layinmu na Mamobi ni kaɗai ce mai zuwa coci. Mai koko da ƙosai ta san Lahadi da sassafe nake fita, takan ajiye mini nawa, in na wuce ta ce, "Maman yara, a sa mu a addu'a." Da Sallah nama har ya yi mana yawa, da Kirsimeti ni ke raba shinkafa, kajin kuma malamin layi ke yanka mini don kowa ya ci ba shakka. Kin san Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, da kansa ya je cocin Katolika ta Christ the King a Ista ta 2019, lokacin cikarsa shekara 100. Mutanen zango sun ga hoton, sun kuma ɗauki darasin. Ba a rasa mai jefa magana, akwai wadda ta taɓa ce mini ba ta taɓa ganin Hausa ta ɓata a coci ba sai a kaina. Na ce mata tun 1932 ake da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, na ɗauko nawa na nuna mata. Ta juya shi ta juya, ta karanta sunan Ibrahim da na Musa, ta miƙo mini.

Sau ɗaya a wata, Lahadi da yamma, mukan taru a ɗakina mu kamar goma sha biyu: 'yan Adamawa, 'yan Filato, wata daga kudancin Kaduna, da wasu mata biyu daga Bawku. Ba duka Lutaran ba ne. Mu yi addu'a da Hausa, mu rera, mu ci tuwo da miyar kuka. Littafin Waƙoƙi ɗaya ne da mu, bangonsa ya rabu, shafuka sun zube daga tsakiya. In kin sami mai zuwa kafin Kirsimeti, ki aiko mana guda biyar, ki haɗa da daddawa. Ki gai da babanki, ki ce masa har yanzu ina jiran hoton kabarin Baba.