Gyaran Na'urar CD: A Fara Da Ɓangaren Wuta Ko Da Ayisin Sauti?

Tambaya: Na sayi na'urar CD 'yar gwanjo, ƙirar shekarun 1990. Tana karanta faifai lafiya, amma sautin ya dushe, ga ɗan ƙugi a lasifika. Da na buɗe na ga ayisi JRC4558 (ɗan guntun da ke ƙara ƙarfin sauti) da regulato 7812 da 7912 (masu daidaita ƙarfin wuta). An ba ni shawara in sa ayisi LM4562 a madadin JRC4558 ɗin. Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, ajiye batun ayisi tukuna. Irin wannan ƙugi galibi daga ɓangaren wuta yake zuwa, sabon ayisi ba zai kashe shi ba.

Cire filogi daga bango, ka sauke cajin manyan kafasito (masu taskance wuta) da resisto mai kilo'om 1 da wat 2. Idan ka kunna don awo, kada ka leƙa idon laser: haskensa na nanomita 780 ne, da ƙyar ake ganinsa, amma yana illata ido.

Ɗora mita a ƙafar shigar 7812. Regulaton yana son rarar kusan bolt 2 zuwa 2.5, a kan bolt 12 da yake fitarwa, wato kada wutar da ke shiga ta gaza bolt 14.5. Kafasito mai ruwa (electrolytic) da ya kai shekara talatin yakan bushe, ba ya riƙe caji tsakanin bugun dayod (masu mayar da wutar AC zuwa DC), sai kaɗawar haz 100 (sau 100 a daƙiƙa) ta ratsa regulato ta kai kunne. Idan wutar gida tana faɗuwa zuwa bolt 180 maimakon 230, abin ya fi muni, don haka ka auna lokacin da wuta ta yi ƙasa, ba da rana tsaka kaɗai ba.

Sauya manyan kafasito biyun da sababbi masu jure digiri 105, irin Panasonic FC. Mikrofarad 2200 na iya komawa 3300 ko 4700, bolt ɗinsa daidai da na tsohon ko sama. Kada ka wuce haka. Masu cusa 10,000 na iya ƙona fiyus da dayod, saboda fizgar wutar da ake yi lokacin kunnawa. Ka lura sosai a layin 7912, mai wutar (−): can ƙafar kafasito mai alamar (+) ce ke zuwa layin as (ground). Juya shi na sa kafasito ya kumbura ya fashe. Dayod 1N4002 kuma a maye gurbinsu da UF4007.

Sai ayisi. Cire 4558 da abin zuƙe dalma, ka dasa soket mai ƙafa 8. A irin wannan allo na fi amincewa da OPA2134 ko NE5532. LM4562 yana da kyau, amma saurinsa ya kai megahaz 55, allon kuwa an zana shi ne don ayisi mai megahaz 3. Sakamakon shi ne ya riƙa kaɗawa a zangon da kunne ba ya ji, ya ɗau zafi, sauti ya yi kaushi, mutum ya ɗauka ƙarin tsabta ce ya samu. Kowanne ka zaɓa, liƙa kafasito nanofarad 100 daga ƙafa ta 8 zuwa as, wani daga ƙafa ta 4 zuwa as, a ƙasan allo, ƙafafu gajeru. Bayan minti goma ka taɓa bayansa. In yatsa bai iya zama ba, akwai matsala.

A mafitar sauti za ka tarar da kafasito mai ruwa a kowane gefe, aikinsa tare wutar DC. Maye gurbinsa da na folifurofilin (irin na roba, mara ruwa) mai mikrofarad 4.7. Da amfilifaya mai kilo'om 10 a mashigarta, sautin ƙasa (bes) bai fara raguwa sosai sai wajen haz 3.4, ba abin da ka rasa. Wasu na cire shi su haɗa da waya. Ban yarda da haka ba sai in awo ya nuna DC bai kai milibolt 10 ba.

Taransistocin da ke toshe sauti lokacin kunnawa, irin 2SC2878, bar su. In ka cire ba ka sa rile (makunni mai aiki da kansa) a madadinsu ba, kowace kunnawa lasifika za ta yi tas, ƙananan lasifika masu fitar da siririn sauti kuwa ba sa jure wannan.

Yi gyara ɗaya, ka auna, ka saurara, sannan ka wuce na gaba.