An damfari mahaifiyata da sunan ɗan sanda, ta ƙi a kai ƙara

Tambaya: Malam, mahaifiyata tana da shekara 73. Wani ya kira ta a waya ya ce shi ɗan sanda ne mai binciken asusunta na banki, ta ba shi lambobin sirrinta, aka kwashe kuɗin. Ta ƙi a kai ƙara, ta kuma daina fita. Yayyena sun ce rikicin tsufa ne, a karɓe wayar da katin bankin. Mu yi hakan?

Amsa: Malama, Allah ya mayar mata da alheri, amma kada ku karɓe mata komai. Binciken jin ra'ayin jama'a a Amurka da Birtaniya ya daɗe yana nuna cewa tsofaffi sun fi matasa yarda da 'yan sanda. Wannan yardar ce ɗan damfarar ya yi amfani da ita, domin wadda ta tashi tana girmama hukuma ba ta iya katse waya a kan wanda ya ce shi jami'i ne.

Maganar yayyenki kuwa ita ce wadda nake ji kullum, kuma na gaji da ita. Mutum mai cikakken hankali ana damfararsa, da likita da malamin makaranta duk an yi musu, ba wanda ya ce sun rikice. Amma da zarar tsohuwa ce, sai 'ya'ya su taru su yanke hukunci, a ƙwace waya, a miƙa katin ga wani ɗa. Ita ta san haka za a yi, shi ya sa ta yi gum, kuma idan aka sake cutarta ba za ku taɓa ji ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama an ci zarafinsu cikin shekara guda, kuma sau da yawa mai cutar na cikin gida ne. To wa zai sa ido a kan wanda kuka ba katin? Idan kuna zargin mantuwa, likita ne zai gwada ta, ba taron dangi ba.

Ku sanar da bankin yau a rufe katin, a sauya lambobin da hannunta. Ki raka ta ofishin 'yan sanda, ki bar ta ta yi bayani da bakinta, ku karɓi lambar ƙarar a rubuce ko da za a yi ta tura ku daga wannan tebur zuwa wancan. Wanda duk ya kira ya ce zai dawo da kuɗin idan aka biya shi ladan aiki, ku katse wayar, domin 'yan damfara suna sayar wa junansu lambobin waɗanda suka taɓa cuta.