Yaƙin Boer: Abin da Sojan Ingila Ya Koya

Tambaya: Malam, na ji ana cewa manoman Afirka ta Kudu ne suka koya wa Ingila yaƙin zamani. Da gaske ne?

Amsa: Maganar tana da tushe, ɗan'uwa. Manoman su ne Turawan Boer, galibinsu jikokin 'yan Holan, waɗanda suka gwabza da Ingila daga 1899 zuwa 1902. Kafin nan sojan Ingila ya saba tsayawa kafaɗa da kafaɗa, ya bar bindigar Maxim ta yi masa aiki, kamar yadda aka yi a Omdurman ta Sudan a 1898. Ko a Sakkwato a 1903 haka suka tsaya.

Boer kuwa bindigar Mauser ke hannunsu, mai albarushi marar hayaƙi. A Disambar 1899, cikin mako guda, Ingila ta sha kashi sau uku: Stormberg, Magersfontein da Colenso. Dubi Magersfontein. Igwar Ingila ta yi ta dukan tsauni, alhali Boer sun haƙa ramuka a gindinsa. Sojojin Sikotlan suka taho cikin dare a cunkushe, da asuba aka buɗe musu wuta daga kusa. Kwamandansu, Janar Wauchope, ya faɗi nan take, saura suka wuni kwance cikin rana, wanda ya ɗaga kai ya sha harsashi, ba su ma ga mai harbin ba.

Daga nan aka koyi ba da tazara, da fakewa, da saiti. Kaki ya zama kayan fagen fama ga kowa, aka gajarta bindigar Lee-Enfield, aka matsa wa soja har sai ya iya harbi 15 a minti ɗaya, kowanne da saiti. Jamusawa sun ɗanɗana wannan a Mons ta Beljiyam a 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya. A shugabancin soja ma an yi gyara: rahoton kwamitin Lord Esher na 1904 ya sa aka soke muƙamin babban kwamanda aka kafa majalisar soja, sannan ministan yaƙi Haldane ya tsara rundunar da za a tura ƙetare.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka ƙarasa yaƙin. Kitchener, kwamandan sojojin Ingila a can, ya ƙone gonaki, ya tara iyalai a sansanoni, inda Boer fiye da 26,000 suka mutu, yawancinsu yara. Baƙaƙen fata dubbai ma sun mutu a nasu sansanonin, ko ƙidaya su ba a yi da kyau ba.