Suna linzami ne: tambaya daga wata malama

Wata malamar firamare ta rubuto tana cewa: "Malam, me ake nufi da 'suna linzami ne'? Kuma da gaske akwai mutanen da ke zana suna da hoto maimakon haruffa?"

Malama, linzami shi ne ƙarfen da ake sa wa doki a baki a ɗaura masa ragama. Ka ja, ya juyo. Haka mutum yake: ko cikin cincirindon kasuwa ka ambaci sunansa, sai ya waiwayo. Wasu na ƙara cewa suna kan ja mai shi zuwa halinsa, shi ya sa ake tsantseni ranar raɗa suna.

Tambaya ta biyu kuwa, e, akwai. Mutanen Nahuwa na ƙasar Meziko, waɗanda daular Aztek ta fito daga cikinsu, haka suke yi. A wani littafinsu na zane-zane da ake kira kundin Mendoza, wanda aka zana wajen 1541, yanzu kuma yana ajiye a Oksfod ta ƙasar Ingila, za ki ga sarki zaune a kan tabarma, ga ɗan hoto a bayan kansa, an haɗa su da siririn layi. Hoton nan shi ne sunan. Ni dai duk na ga layin nan sai ragama ta faɗo mini a rai.

Sarki Itzcoatl, da ya hau mulki a 1427, sunansa "macijin baƙin dutse", irin dutsen nan mai kaifi kamar fasasshiyar kwalba. Sai a zana maciji da tsinin duwatsu jere a gadon bayansa. Sarki Chimalpopoca "garkuwa mai hayaƙi": garkuwa ce, hayaƙi na tashi. Sarki Acamapichtli kuma hannu ne ya damƙe karare.

Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar da ba ta zanuwa. Mu ma da za mu gwada, Zaki da Giwa ba wuya, amma yaya za a zana Gambo? Sai Nahuwa suka ari sauti. Haƙori a harshensu tlantli ne, don haka a sunayen garuruwa sukan zana haƙora a karanta "tlan", wato wuri. Kamar a zana ƙwaryar garin dawa don a karanta Maigari, duk da garin tuwo da garin zama ba furuci ɗaya ba ne.

Nahuwa suna da sunan rana ma, irin Talatu da Ɗanladi namu, sai dai lissafinsu na kwana 260 ne: lamba 1 zuwa 13 da alamomi 20. Wanda aka haifa ranar "barewa ta bakwai", ɗigo bakwai da kan barewa sun wadatar.