Gidan Faris Da Takardar Da Yaya Ya Kawo

Tambaya: Ina sayar da atamfa a Maraɗi. Mahaifinmu ya rasu ya bar gida a Faris da kuɗi a banki. Yayanmu ya ce a rage darajar gidan a takarda, a kuma yi shiru da zancen bankin don haraji ya yi sauƙi, in an sayar kowa ya samu jari mai kauri. Ya kawo takarda in sa hannu. In sa?

Amsa: Malam, kada ka sa. Harajin bai dame ni ba kamar yadda kake shirin sa hannu a kan dukiyar da ba ka ga lissafinta ba, don kawai yaya ne ya kawo. Kai da ba ka karɓar dila sai ka ƙirga turmi!

Dubi iyalan Wildenstein, dillalan zane-zane masu tsada a Faransa. Da Daniel Wildenstein ya mutu a 2001, an bayyana wa hukuma gado na kimanin Yuro miliyan 40, alhali akwai zane-zane da kadarori jibge a ƙasashen waje ƙarƙashin amintattu, wato masu riƙe dukiya a madadin iyali. Matarsa Sylvia ta sa hannu ta yafe rabonta bayan an nuna mata bashi ya yi wa gadon katutu. Da ta farga ta garzaya kotu, daga nan asiri ya fara tonuwa. Hukumar haraji ta nemi sama da Yuro miliyan 500, kuma a 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta Faris ta yanke wa Guy, ɗan Daniel, hukuncin ɗaurin shekara huɗu da tarar Yuro miliyan ɗaya. Wannan fa mai manyan lauyoyi ke nan.

A Faransa 'ya'yan mamaci duk a wuyansu harajin gado yake, ana iya bin kowanne cikakken kuɗin. In aka gano da gangan aka rage daraja, akwai ƙarin kashi 40 cikin ɗari. Farashin gidajen unguwar kuma yana hannun hukuma, to wa za a ruɗa?

Sannan abin da aka ɓoye wa hukuma, an ɓoye wa sauran magada ma. Ranar da kuka saɓa da yaya, wace takarda za ka nuna?

Ka bar mafarkin jari mai kauri tukuna. Ka nemi notaire, wato jami'in shari'a mai kula da takardun gado a Faransa, ya rubuta duk abin da aka bari, a kimanta gidan da gaskiya, kowane magaji ya riƙe kwafinsa. Kowane ɗa yana da rangwamen Yuro 100,000 kafin haraji ya hau, wataƙila abin bai kai yadda yaya ke tsorata ku ba.